Tarihin Kiɗan Tsirkiya: Daga Faifan Chet Atkins Zuwa Bakin Kogin Kwara

Gabatarwa

A cikin shekarar 1953 kamfanin faifai na RCA Victor da ke ƙasar Amurka ya fitar da wani ɗan madaidaicin faifai mai ɗauke da kiɗa 8, na wani makaɗin jita mai suna Chet Atkins, wanda aka haifa a 1924 a karkarar Jihar Tenesi. Wannan shi ne babban faifansa na farko, aka kuwa raɗa masa suna Gallopin' Guitar, wato jita mai sukuwa. Abin da aka sa gaba a faifan shi ne gwanintar hannun makaɗin, domin mutane su saya su zauna su saurari yatsu suna aiki a kan tsirkiya. Irin kiɗan da yake yi shi ne na mutanen karkarar Amurka, wanda suke kira kantiri, kuma ba baƙo ba ne a kunnenmu, tun da dattawanmu da yawa sun tashi suna jin su Jim Reeves da Don Williams a akwatin rediyo.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan faifai a mujallar marubuta shi ne wata tambaya da yake jefo mana. Ƙasar Hausa ta yi gwanayen tsirkiya waɗanda ba su da na biyu, daga masu goge da kukuma zuwa masu garaya da gurmi da kuntigi. To, me ya sa in aka zo tarihinsu sai mu iske baitocin waƙoƙinsu a rubuce, amma labarin hannunsu ya yi ƙaranci? A wannan maƙala za mu bi sawun al'amarin, mu tsaya a ƙasar Yawuri domin ta zama mana madubi, sa'an nan mu dubi abin da ya rataya a wuyanmu mu masu riƙe da alƙalami.

Kayan tsirkiya a ƙasar Hausa

Kayan kiɗan tsirkiya na Bahaushe sun kasu gida biyu, akwai waɗanda ake gogawa, akwai kuma waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da ɗan abin kaɗi. Babba a gidan farko shi ne goge, wanda ake yi da ƙwarya a rufe ta da fatar guza ko damo, a ɗaura mata izgar doki, a riƙa goga ta da ɗan baka wanda shi ma izga ce a jikinsa. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da kaifin murya. A gida na biyu akwai garaya mai tsirkiya biyu, da babbar yayarta komo ta mafarauta, da molo, da gurmi mai ƙoƙon duma, sai kuma kuntigi, wanda tsirkiyarsa ɗaya ce tak, jikinsa kuwa sau da yawa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata.

Duk wanda ya dubi waɗannan kaya zai ga ba su da wani tsada ko ƙawa. Abin da ke cikin daji da bayan gida ne aka harhaɗa. Saboda haka duk daɗin da ya fito daga cikinsu daga hannun makaɗin ya fito. Mai jita yana da tsirkiya shida da alamomi a jikin sanda masu nuna masa inda zai danna. Mai goge kuwa tsirkiya ɗaya gare shi, ba alama ko ɗaya, kunnensa ne kaɗai jagoransa, kuma a hakan zai sa ta ta yi kuka, ta yi shewa, ta yi habaici har taro ya ɗauka. Marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rayu daga 1946 zuwa 2015, ya zaga ƙasashen duniya da kuntigin da bai fi tafin hannu biyu ba. Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurmi. Ibrahim Na Habu da Garba Sufa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka sun riƙe kukuma, Garba Liyo da Audu Yaron Goge kuma suka riƙe goge. Kowannensu akwai yadda yake taɓa tsirkiya, wanda masu saurare kan gane tun kafin ya buɗe baki.

Hannun da ke magana

Kafin mu ce Bahaushe bai san kiɗa zalla ba, wato kiɗan da babu waƙa a kansa, ya kamata mu tuna da take. Sanin kowa ne cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka, shi ya sa abin kiɗa ke iya kwaikwayon jimla har mai saurare ya fahimce ta. Sarki yana da takensa a tambari da kakaki da algaita. Ɗan dambe yana da nasa a kalangu, manomi yana da nasa a gangar noma, maharbi yana da nasa a komo. A wajen masu bori kuwa kowane iska da irin takensa a garaya ko goge, kuma makaɗin da bai haddace su ba ba shi da wurin zama a wannan fage.

Ke nan kiɗa ba tare da murya ba tsohon abu ne a wurinmu. Sai dai Bahaushe in ya ji shi, magana yake ji. Da zarar an kaɗa take, sai mai shi ya zabura, jama'a kuma su faɗi abin da tsirkiya ta ce. Wannan baiwa ce babba, amma ta zo da nata hasara. Da yake kunne ya saba neman maganar da ke cikin kiɗa, sai hankali ya tafi ga abin da aka faɗa da wanda aka faɗa wa, a manta da tambayar yadda hannun ya yi har ya faɗe shi. Mukan yaba wa makaɗi da cewa ya iya magana da goge, daga nan kuma sai mu yi shiru, ba mu ci gaba da bayani ba.

Akwai kuma matsayin da al'umma ta ajiye masu tsirkiya. Makaɗan fada suna da sarauta da gida da doki, kiɗansu kuma gado ne mai tsari. Masu goge da garaya kuwa an fi danganta su da bori da gidajen magajiya da dandalin samari. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi kakkausan wa'azi a kan irin waɗannan tarurruka, kuma waƙoƙin wa'azi na wancan zamani sun sha ambaton goge da molo a cikin abubuwan da ake son musulmi ya nisanta. Ba muhawarar hukunci muka zo yi a nan ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya shafi tarihi shi ne, waɗanda suka iya rubutu a wancan lokaci ba su ga dalilin ɓata tawada a kan mai goge ba, in ba don su tsawata masa ba. Ta haka aka yi ƙarnoni ana kiɗa, masu yi suna mutuwa da abinsu.

Yawuri da bakin Kwara

In ana neman wurin da za a ga nauyin wannan rashi, to ƙasar Yawuri ta isa misali. Ƙasa ce da ke bakin Kogin Kwara, inda al'ummu da dama suka daɗe suna cuɗanya, Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Shangawa, da Lopawa, da Dukkawa, da Sarkawa masunta, da Fulani, da Hausawa. Ta nan fataken goro masu zuwa Gwanja suka riƙa bi su ƙetare ruwa, jiragen kwale-kwale kuma suna hawa da sauka tsakanin ƙasar Nufe da ta Kabi. Duk inda hanyoyi suka haɗu haka, kiɗa ma yakan haɗu, kowa ya ara daga maƙwabcinsa.

Tarihin sarautar ƙasar ya samu masu rubuta shi. Mun san Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a Birnin Yawuri a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a 1806. Mun san Sarki Abdullahi Abarshi ne ya mai da Yelwa hedikwatar masarauta a 1888, bayan shekarun rikici. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincike mai zurfi a kan Yawuri ta ƙarni na 19 tun kafin ya fitar da shahararren littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ta fuskar kiɗan fada ma Yawuri ba ta rasa suna ba, domin a nan ne Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo ya zauna, ɗan Aliyu Ɗandawo makaɗin fadar Argungu, kuma waƙoƙinsa sun shiga kaset sun shiga littattafan nazari.

Ta ɓangaren kayan kiɗa kuwa, wani jami'in mulkin mallaka mai suna P. G. Harris ya buga bayani a kan Yawuri a 1930, ya kuma biyo da wani a 1932 a kan ganguna da sauran kayan kiɗan da ya gani a Lardin Sakkwato, wanda Yawuri ke cikinsa a lokacin. Aikin yana da amfani, har yau masana suna komawa gare shi. Amma irin wannan rubutu siffar kaya yake adanawa. Zai gaya maka da me aka yi abin kiɗa da yadda ake kiransa, sautin kuwa takarda ba ta riƙe shi.

Daga nan sai ruwa ya zo. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya miƙo har Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, babban tsibirin Foge da tsibirai da ƙauyuka masu yawa suka bi ta, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Hukuma ta ƙirga mutane da gidaje domin ta san abin da za ta gina. Take kuwa ba ya shiga irin wannan lissafi. Shi take a ɗaure yake da mutum da wuri da lokaci, na wane ne, a dandali kaza ake kaɗa shi, ran biki kaza. In dandalin ya koma ƙarƙashin ruwa, aka raba maƙwabta, aka haɗa waɗanda da ba su tare, sai dalilin kaɗa shi ya ragu, yaran da za su ɗauka kuma su tashi da wani abin daban a kunne. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a tsakanin Gungawa a shekarun 1970, ya yi rubutu a kan kokawarsu da kuma yadda da yawansu suke rikiɗewa su koma Hausawa. Al'ummar da harshenta ke ja da baya, kiɗan da ke kwaikwayon wannan harshe shi ma yana cikin haɗari.

Zuwan faifai da rediyo da kaset

Mai karatu zai iya cewa ai na'urar ɗaukar murya ta zo, me ya hana ta cike giɓin? Ta cike wani ɓangare. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki makaɗa masu ɗimbin yawa, haka gidajen rediyon jihohi da suka biyo baya, irin su Rima a Sakkwato. Kamfanonin faifai sun buga na su Mamman Shata da Ɗanmaraya, kaset kuma da ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980 ya kai kiɗa kowace kasuwa da tasha. David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, shi da Anthony King kuma suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Sai dai kasuwa tana da nata hukunci. Abincin makaɗin Hausa yana wajen wanda ya wasa. Mai kuɗi ko basarake ko direba yana yin kyauta ne don ya ji sunansa da na mahaifinsa a bakin mawaƙi, in ya sayi kaset ma sunan yake nema. Faifan da babu sunan kowa a cikinsa ba shi da uban gida. Saboda haka gwanintar hannu ta koma 'yan gurabe, wato sharar fage kafin a fara waƙa, da ɗan tsakanin da mawaƙi ke numfasawa. Wanda ya kasa kunne ga tsofaffin kaset na kukuma zai ji abin mamaki a waɗannan gurabe, amma da wuya a bar shi ya yi nisa kafin 'yan amshi su shigo.

Jami'o'inmu ma ta ƙofar adabi suka shiga. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa, kuma duk mai nazarin waƙar baka yana cin moriyar aikinsu. Da yake a sassan harshe aka reni wannan ilmi, ɗalibi yakan juyi baitoci a takarda, ya fitar da jigo da salo da zubi, kiɗan kuma ya samu layi biyu ko uku. Littafi mafi girma da ya tsaya a kan goge shi kansa, wata Ba'amurkiya ce, Jacqueline DjeDje, ta fitar da shi a 2008, inda ta haɗa na Fulani da na Hausawa da na Dagwamba.

Yadda Amurkawa suka riƙe nasu

A nan ne ya dace mu koma ga faifan da muka fara da shi, domin salon da Chet Atkins ya shahara da shi yana da salsala, kuma an rubuta ta. Salon shi ne babban yatsa ya riƙe amon ƙasa yana tafiya ba tsayawa, sauran yatsu kuma su riƙa fitar da karin waƙa a sama, har mai saurare ya zaci mutum biyu ne ke kiɗa. Atkins ya tsinci wannan ne yana saurayi, da ya ji Merle Travis a rediyo. Travis ya koya a yankin masu haƙar kwal na yammacin Jihar Kentaki, a wajen Mose Rager da Ike Everly. Su kuma sun ɗauka daga Kennedy Jones, wanda ake haɗa salonsa da wani baƙar fata mai suna Arnold Shultz.

Shultz ya rasu a 1931, ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba. Duk da haka sunansa bai ɓace ba, saboda marubuta sun bi tsofaffin da suka gan shi, sun tambaye su yadda yake riƙe jita, da inda yake kiɗa, da waɗanda suka zauna kusa da shi. Abin lura a nan shi ne, faifai ya adana hannun Atkins, alƙalami kuma ya adana na Shultz.

Akwai wata alaƙa kuma da ta sa wannan labari ya zama namu. Banjo, wanda yake ginshiƙi ne a kiɗan karkarar Amurka, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro shi a tsibiran Karebiyan, da ƙoƙon duma da fata da sanda. Hans Sloane ya ga irinsa a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, ya kuma buga zanensa a 1707. Masu binciken asalin banjo sun fi karkata ga kayan kiɗan yankin Senegal da Gambiya, amma sukan jera gurmi a cikin danginsa, saboda ƙirarsu ta yi kama. Su can sun bi diddigin abin har suka iso ƙofar gidanmu.

Wani misali daga Yamai

Kada a ɗauka kiɗa zalla ba zai karɓu a wajen mutanenmu ba. A 1978 wani ma'aikaci a Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani Abdullahi, ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan ɗinsa mai aiki da lantarki, ya ɗauki kaset na kiɗa zalla, yawancinsa a kan karin gargajiya na ƙasar. Kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, amma rediyo da talabijin suka riƙa sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru, har ya zauna a kunnen jama'a, da yawa ba su ma san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai, duniya ta ji, aka shiga gayyatar mai shi ƙasashen Turai.

Haka nan Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi a Nijar, ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna wajen wani tsoho ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, a lokacin da masu iya shi suka kusa ƙarewa. Ya fitar da faifansa a 2009, ya rasu a 2018. Mutum ɗaya ne ya tashi ya je, abin ya tsira. Mutanen bakin wani tafkin ne suka yi wannan, mu ma kuwa muna da namu tafkin.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, musamman na Yelwa da Ngaski da Shanga da sauran garuruwan bakin ruwa, aikin da ke gabanmu ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yaron da yake da shekara 15 lokacin da ruwa ya ci tsibirai a 1968, yau ya haura 70. Waɗannan dattawa su ne suka ji kiɗan tsofaffin garuruwa da kunnensu, kuma kullum raguwa suke yi. Wayar da ke aljihunmu ta fi na'urar da Ames ya zo da ita iya ɗaukar sauti.

In mun sami makaɗin tsirkiya, bayan ya gama waƙa mu roƙe shi ya kaɗa mana ba tare da murya ba, mu bar shi ya yi nisa. Mu tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa, har inda salsalar ta tsaya. Mu tambayi sunan kowane take, da mai shi, da abin da yake faɗa, da harshen da yake faɗarsa. Mu rubuta kalmomin da makaɗan ke amfani da su a tsakaninsu wajen ɗaure tsirkiya da sassauta ta da gyaran fata, domin da su ne za mu gina harshen sharhin kiɗa wanda har yanzu yake da rauni a rubutunmu. Mu kuma nemi izninsu, mu rubuta sunansu daidai, in wani amfani ya fito a raba da su. Masu ƙagaggun labarai su ma suna da rabo, domin mai goge ya daɗe yana fitowa a littattafanmu a matsayin alamar lalacewa, alhali mutum ne mai sana'a da ya shekara ashirin yana horar da yatsunsa.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Faifan farko na kiɗan gurmi zalla ko na goge zalla daga bakin Kwara yana iya fitowa a hannun wani yaro da yanzu yake koyo a bayan gida. Ranar da ya fito, zai bukaci wanda zai rubuta masa daga inda hannunsa ya samo asali. Allah ya ba mu ikon yin wannan aiki tun masu ba da labarin suna raye, amin.